Yatsu Biyar a Gindin Bene

Ranar farko da tsohon Baturen nan ya yi wa mahaifiyata daƙuwa, buhun shinkafa ne a kafaɗata, shi ya sa ban aikata abin da zuciyata ta raya mini ba. Asabar ce, mun dawo daga cefane. Mijina ne a gaba da makulli, 'ya'yanmu mata biyu na biye da shi, sai ni, sai Inna can baya tana jan ƙafa. Tsohon yana zaune kan kujerar roba a ƙofar ɗakinsa, daidai gindin benen da muke hawa, duk wanda ya taka matakalar farko sai ya yi wani gunguni. Inna na ɗora ƙafa ya miƙe zumbur, ya ɗaga hannun dama, ya ware yatsu biyar, ya daka tsawa da wata kalma guda ta Turanci.

Ni 'yar Maraɗi ce. A garinmu ko yaro ba ka yi wa haka a banza, balle tsohuwa mai jikoki. Na sauke buhun zan koma ƙasa, mijina ya riƙe mini hannu ya ce, "Don Allah ki bari, tsufa ne." Mijina mutum ne da in gida na ci da wuta zai fara tambaya ko an sha shayi. Na haƙura, amma na waiga sau ɗaya, sai na ga tsohon ya zaro ɗan littafi baƙi daga aljihun riga, ya duba agogo, ya rubuta wani abu da guntun fensir. Agogo biyu gare shi, ɗaya a kowane hannu.

A lokacin muna haya a wani rukunin gidaje da ke kan High Point Road a Greensboro. Mijina na lodi a wani sito wajen Wendover, ni kuma ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Takardar hayarmu suna huɗu ne a kanta: ni, shi, da yaran. Inna ta zo ne jinyata lokacin da aka yi mini aiki, da bizar ziyara. Na warke, bizar ta ƙare, ni kuma na kasa sakin ta. Shekara tara ban sa ta a idona ba kafin wannan zuwan, sai na riƙa cewa wata mai zuwa, wata mai zuwa, har muka wayi gari zamanta ya zama laifi. Wannan kuwa a shekarun da suka biyo bayan harin da aka kai New York ne, lokacin da in mace ta sa lulluɓi ta shiga kanti takan ji idanu a bayanta. Kullum sai ka ji an ce an ɗauke wane, ko an buga wa wance ƙofa. Rabin labaran ba su da tushe, amma ba ka san wane rabin ba.

Saboda haka abu biyu nake tsoro. In manajan gidajen ya san mu biyar ne, zai iya ba mu takardar tashi. In kuma labari ya kai wa jami'an shige da fice, za su tafi da Inna, tsohuwar da ko "sannu" ba ta iya faɗa da Turanci ba.

Asabar ta gaba ya sake yi. Lahadi ma haka. Kullum Inna, kullum yatsu biyar, kullum ɗan littafin nan. Ita kuwa ko a jikinta. Da na yi mata maganar tana tankaɗe gari, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ke, wanga ba daƙuwa ba ta," ta ce. "Mai daƙuwa huskarka shika nuhwa. Shi ko sama shika nunawa."

"Inna, sama ko ƙasa, yatsu biyar ne."

"To mi na ci mai da za shi zage ni? Ko gaishe ni shikai irin tasu."

Ban yarda ba. Akwai wani Alhaji ɗan ƙasarmu mai kantin kayan abinci a bakin titin, wanda babu abin da ke faruwa a unguwar bai sani ba, har da abin da bai faru ba. Na je sayen daddawa na bugi cikinsa. Ya rage murya ya ce, "Tsohon nan mai agogo biyu? Ai alƙali ne a ƙasarsu, Ingila. Mai gyaran famfon gidajenku ya gaya mini. Shekara ashirin da wani abu yana alƙalanci." Ban tsaya jin sauran ba, ko daddawar ban ɗauka ba.

Alƙali. A hanyar gida na haɗa komai ya zauna daram. Tsohon alƙali ai bai rasa abokai a ofisoshi, kuma mutumin da ya saba yanke hukunci ba ya daina sa ido don ya tsufa. Me zai sa Bature mai irin wannan muƙami ya zo ya zauna cikinmu, mu da 'yan Meziko da 'yan Sudan, in ba ajiye shi aka yi ba?

Sai na shirya masa gwaji, kuma har yau ina tuna yadda na ji daɗin wayona. Asabar ta gaba na sa Inna ta bi bayan mijina, ni na zauna ƙarshe. Inna ta taka matakala, shiru, gunguni kawai. Yaran suka wuce. Ina ɗora ƙafa ya miƙe ya ware mini yatsu, ya daka tsawar nan. A wannan karon na kasa kunne na ji gungunin sosai. Ƙirga yake yi: ɗaya, biyu, uku, huɗu. A na biyar yake ɗaga hannu ya ce "Last!", wato na ƙarshe.

Inna ta yi gaskiya, ba zagi ba ne. Amma da na san haka sai na gwammace zagin. Mutum yana ƙirga mu, yana tsayawa daidai kan wadda ta yi yawa, yana duba lokaci, yana rubutawa. Kuma yana faɗa mana a fili cewa wannan ne gargaɗi na ƙarshe.

Daga ranar na kafa doka. Inna ba za ta ƙara sauka ba. Na cire takalmanta daga bakin ƙofa, na sauke labulen taga, na kai kujera ta biyar cikin ɗaki na jibga mata kaya. Na tara yaran na ce duk wanda ya tambaya, ko malamar makaranta ce, mu huɗu ne a gidan nan. Ƙaramar ta dube ni ta ce, "But Kaka is five," wato ai Kaka ce ta biyar. Na ce in na sake jin wannan lissafin daga bakinta sai ta gane kurenta. Mijina ya ce abin ya yi yawa. Na tambaye shi in aka zo aka tafi da ita, shi zai bi su da kofin shayi? Ya koma kan shayinsa, ni kuma na ɗauki hakan a matsayin amincewa.

Kafin dokar, Inna takan sauko da la'asar ta shimfiɗa ɗankwali a matakala ta uku ta sha rana. Tana kallon motoci, tana gaida duk wanda ya wuce da Hausa, wasu har sun koyi amsa mata da "lafiya". Hasken ranar nan shi ne kaɗai abin da ta ce ya yi kama da gida. Na hana ta tun ganye na kore a bishiyoyin wurin ajiye motoci, har ya yi ja, ya zube, sanyi ya shigo. Wata huɗu. Ba ta yi mini musu ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi musu ciwo. Sai dai ta rage ci, ta daina tambayar yau wace rana. In na dawo daga aiki nakan same ta a tsaye jikin taga, ta ɗage labule da ɗan yatsa ɗaya. Tana jin makullina sai ta saki.

Tsohon kuwa bai fasa ba. In mun dawo mu huɗu, sai ya ƙirga har huɗu, ya miƙe, ya tsaya yana leƙen wurin motoci. Ya daɗe a haka, sannan ya zauna ya yi rubutu. Na ce wa mijina, "Ka gani? Ya lura babu ita. Yanzu ya san ɓoye ta muke yi." Barci ya ƙaurace mini, duk motar da ta tsaya a ƙasa sai na tashi na leƙa. A ƙarshe na yanke shawarar gara ta tafi da ƙafarta da a fitar da ita da ankwa. Na sayi tikiti. Na san wanda ya wuce wa'adin biza kamar yadda ta wuce, in ya fita sai ya yi shekaru masu yawa kafin a bar shi ya dawo. Na gaya mata haka. Ta ce, "To, Allah shi kai mu."

Saura kwana tara tafiyar, ranar Lahadi bayan azahar, aka buga ƙofa. Na leƙa ta ramin ƙofa na ga Baturiya, mai kamar shekaruna, da jaka a hammata. Na ja Inna na tura ta banɗaki na rufe, uwar da ta haife ni, sannan na buɗe ƙofar kaɗan.

Matar ta ce ita 'yar tsohon da ke ƙasa ce. Ta ba ni haƙurin damun mu, ta ce tambaya ɗaya ta kawo ta: tsohuwar gidanmu lafiya take? Mahaifinta ya damu ƙwarai, kullum sai ya tambaye ta ina matar nan ta shiga.

Na ce babu wata tsohuwa a gidan nan.

Ta dubi bayana, inda carbin Inna da gilashinta ke ajiye kan tabarmar salla, ta sake dubana. Ba ta ƙaryata ni ba. Ta ce in ina da minti biyar in sauko, akwai abin da take so in gani. Na bi ta, ba don na yarda da ita ba, sai don in ga abin da ke cikin ɗakin maƙiyi.

Ina shiga na ga takardu manne a jikin kowace ƙofa da manyan baƙaƙe: banɗaki, kofuna, kada ka kunna murhu. Ni da nake wanke tsofaffi masu ciwon mantuwa kwana biyar a mako, na san waɗannan takardun kamar tafin hannuna. Wata shida ina kallon mutumin nan, na ga agogonsa, na ga fensirinsa, ban ga ciwon da nake gani kullum a wurin aiki ba. Tsoro ya rufe mini ido, kuma na ji kunya a tsaye a wurin.

A bango akwai hotuna. Ga shi nan da ƙuruciyarsa, gajeren wando, usur a baki, tsaye tsakanin ƙarti masu wuya kamar turmi. Matar ta sa kaset a bidiyo. Fili ne duk taɓo, mutane cike da benaye suna ihu, ƙartin nan suna gudu da ƙwallo mai siffar ƙwai a hannu suna kayar da juna. Daga baya na ji a rediyo Hausawa na kiran wasan zari-ruga. Matar ta ce wasan iri biyu ne, nasu na arewacin Ingila shi ne mai mutum sha uku kowane gefe, kuma dokarsa ita ce: in ƙwallo na hannunku, sau shida kawai za a kayar da ku, sai ku miƙa wa abokan karawa. Alƙalin wasa ne ke ƙirgawa da baki. In an kai na biyar sai ya ɗaga hannu ya ware yatsu, don kowa a filin ya san dama ɗaya ta rage.

Tana rufe baki, alƙalin wasan da ke cikin talabijin ya ɗaga hannu sama, yatsu biyar a ware. Tsohon da ke zaune gefena shi ma ya ɗaga nasa.

Ta ba ni labarinsa tana haɗa masa shayi. Ɗan masaƙa ne, ya fara da buga wasan har ƙashin kafaɗarsa ya karye, sai ya karɓi usur. Ya fara daga filayen makarantu inda iyaye ke zaginsa, ya hau a hankali har manyan wasannin da ake biyan 'yan wasa ake kuma biyansa. Agogo biyu don in ɗaya ya tsaya. Littafin don rubuta wanda ya ci da wanda aka kora. Ta ce shekara ashirin da wani abu babu Asabar ko Lahadin da dubban mutane ba su kira shi ɓarawo ba, kuma ko wane gefe ya sha kashi, cewa suke an saye shi. An tofa masa yawu, an sace masa iskar taya. Akwai shekarar da ya hana ƙungiyar garinsu ci a minti na ƙarshe, mai sayar musu da nama ya daina gaishe su har ya mutu. Mahaifiyarta ba ta taɓa zuwa kallo ba, ta ce ba za ta iya zama tana jin abin da ake kiran mijinta ba. Da mahaifiyar ta rasu, ciwon ya fara, sai 'yar ta ɗauko shi daga Ingila ta kama masa ɗaki kusa da wurin aikinta. Ya manta sunan garinsu, wani lokaci har nata sunan, amma bai manta ƙirgar nan ba.

"Duk wanda ya hau benen nan sai ya ƙirga shi," ta ce. "Amma mutane ɗaya-ɗaya suke zuwa, ko biyu. Ku kaɗai ne kuke kai masa biyar. Duk mako ku yake jira."

Ta miƙo mini littafin. Babu suna ko ɗaya a ciki, babu lambar ɗaki. Lambobi ne kawai da lokaci. A shafukan baya, ɗaya zuwa biyar. A na kwanan nan, ɗaya zuwa huɗu, sai ɗan layi a inda biyar ya kamata ta zauna, shafi bayan shafi.

Zan so in ce nan take na yarda, amma ƙarya zan yi. Ina hawa bene ina ce wa kaina, in da ni ce ɗan leƙen asiri, ai irin wannan kaset ɗin zan ajiye. Kwana biyu ina juya maganar. Na koma wurin Alhaji na ce, "Alhaji, alƙalin nan da ka ce, na kotu ne ko na ƙwallo?" Ya ce, "Na balo mana, arbitir, mai busa usur. Ai na fara gaya miki kika fice kamar an kore ki. Ga daddawarki nan ma tun ran nan." Na karɓa na fito, ban iya ko godiya ba.

Da yamma na zauna kusa da Inna na warware mata komai. Na ce ta yi gaskiya tun farko, na ce ta yafe mini, na ce za a iya fasa tikitin, gobe ma ta sauka ta sha ranarta. Ta saurare ni har na gama, tana jan carbi.

"Na ji," ta ce. "Kuma na yahe miki, tsoro ne. Amma in gobe wani ya ɗaga ƙahwa hwa? Cikin akwati za ki sa ni?"

"Inna, ba zan sake ba."

"Za ki sake, ɗiyata. Takardata ba ta gyaru ba don wanga ya zama mai usur. Ke ba ki barci, ni ba ni ganin rana. Bar ni in tai gida."

Na yi kuka, na sa mijina ya roƙe ta, yaran suka rataye a wuyanta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma canja magana ba. Kwanakin da suka rage ta sauka kowace la'asar, cikin sanyin nan, da rigar sanyin mijina a kan zaninta. Takan zauna a matakala ta uku, tsohon na kan kujerarsa, ba mai jin yaren wani. Na leƙo su ta taga, ta wurin da take ɗage labule, na ga tana ba shi gyaɗa.

Ranar tafiya da safe muka sauko da akwatuna. Inna ta tsaya a gabansa, ta sauke jakarta, ta ɗaga hannun dama sama ta ware yatsu biyar. Tunda nake ban taɓa ganin mahaifiyata ta yi wa wani haka ba. Tsohon ya miƙe tsaye ƙyam ya mayar mata, su biyu suna dariya, yarana na dariya, ni ina neman inda zan sa idona. Wannan ne ganina da ita na ƙarshe a tsaye cikin rana. Kafin shekarun da aka ɗibar mata su cika, kafin ni ma takarduna su ba ni damar zuwa gida in dawo, Allah ya karɓi abarsa. Ta waya aka gaya mini, ina wurin aiki.

Amma ranar ban san wannan ba. Abin da na sani shi ne mun dawo daga filin jirgi da azahar. Mijina ya hau, tsohon ya ce ɗaya. Yaran suka hau, biyu, uku. Na taka, ya ce huɗu. Sai ya miƙe, hannunsa ya taso zuwa kafaɗa ya tsaya a nan, yana leƙen bayana, yana duban motar da muka fito daga ciki. Na kai tsakiyar bene na waigo, yana nan yadda na bar shi.

Na sauko. Na zagaya ta bayan motar, na dawo a hankali ina jan ƙafa, na kama ƙarfen benen, na ɗora ƙafa a matakalar farko. Ya ɗaga hannun har sama, ya ware yatsun, ya daka tsawarsa.

A garinmu kowa ya san wadda ake ambata in an ware wa mutum yatsu biyar. Na tsaya a gabansa, ban kauce ba.